Darasi: Yaron Unguwa da Ya Gagara

Babu unguwar da ba ta da shi. Yaro ne ɗan shekara 14 zuwa 17, ya bar makaranta ko makaranta ta kore shi, yana kwana inda dare ya yi masa, idanunsa jajur, kuma an taɓa kama shi da wayar da ba tasa ba. Idan ya doso majalisa sai hira ta tsaya, kowa ya shafa aljihunsa. Iyaye mata na jan kunnen 'ya'yansu kada a kuskura a gan su tare. Hukuncin da unguwa ta yanke masa gajere ne: "Ai wannan ya gagara." Wani dattijo ya ƙara da "Sai dai addu'a," shi ke nan an rufe magana.

Yawancin masu karanta wannan darasi iyaye ne, masu sana'a ne, kuma maƙwabtan irin wannan yaro ne. Don haka tambayar ba ta gwamnati ba ce, tamu ce: me mutum ɗaya, wanda ba shi ya haifi yaron ba, zai iya yi? Za mu nemi amsa a rayuwar wani yaro a Amurka, da binciken da masana suka shafe shekaru suna yi, sannan mu dawo ƙofar gida.

Yaron da ya harba bindiga a daren sabuwar shekara

An haifi Louis Armstrong a 1901 a birnin New Orleans da ke kudancin Amurka, a wata unguwar baƙar fata matalauta wadda yawan faɗa da zub da jini ya sa aka yi mata laƙabi da filin daga. Mahaifinsa ya tafi ya bar su tun yana jariri. Kakarsa ce ta riƙe shi shekarun farko, daga baya ya koma hannun mahaifiyarsa, wadda ita ma da ƙyar take ci da kanta. Zamanin wariyar launin fata ne, kuma yaro irinsa ba wanda ke tsammanin zai zama wani abu.

Akwai wasu baƙi a yankin, iyalan Karnofsky, Yahudawa da suka yi ƙaura daga Lituweniya. Su ma talakawa ne. Sana'arsu jari-bola da sayar da kwal a amalanken da doki ke ja. Suka ɗauki yaron aiki: ya hau amalanke, ya tattara kwalabe da tsummoki da ƙarafa, ya riƙa busa wani ƙahon gwangwani don kiran masu ciniki. Idan an tashi aiki da dare ba sa sallamarsa da yunwa, sai ya zauna ya ci abin da 'yan gida ke ci. Wata rana ya hango wani tsohon ƙahon busa na ƙarfe a shagon jingina, ransa ya biya. Morris, ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan, ya ba shi wani ɓangare na kuɗin a matsayin bashi daga ladansa, shi kuma ya tara sauran da kansa. A lura da wannan. Ba sadaka aka yi masa ba, bashi aka ba shi, kuma ba a ba mutum bashi sai an ɗauka zai biya.

Duk da haka yaron bai shiryu nan take ba. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 11, ya shiga yawon waƙa a titi da abokansa don neman kwabbai. Ranar 31 ga Disamba 1912, cikin hayaniyar shiga sabuwar shekara, ya ɗauko ƙaramar bindiga daga gida ya harba sama. 'Yan sanda suka cafke shi, kotu ta tura shi gidan horon yara baƙar fata.

A can ya haɗu da Peter Davis, malamin da ke koya wa yaran gidan kiɗan badujala. Da farko Davis bai sake da shi ba, don ya san unguwar da ya fito, ya kuma ɗauka duk ɗan can kanwar ja ce. Sai da ya ɗauki lokaci yana lura da yaron nan da ke raɓewa gefe yana saurare duk lokacin da ake gwaji, sannan ya kira shi. Bai miƙa masa babban ƙaho ba. Ɗan bandiri mai kacau-kacau ya fara ba shi, sannan ganga, sannan aka ɗora shi kan begilar da ke tashin yaran gidan da safe tana kiran su cin abinci. Sannu a hankali har ya kai ga ƙahon da yake buri, kuma ya zama shugaban 'yan badujalar. Armstrong da kansa ya ba da labarin ranar da suka yi fareti ta cikin tsohuwar unguwarsu: mutanen da suka san shi a matsayin ɗan titi suka fito suna zuba kuɗi, har aka samu na sayen sababbin kaya.

Ya fito a watan Yuni na 1914, ya koma jan amalanken kwal da rana, busa da dare. Nan mutum na uku ya shigo, wato Joe Oliver, fitaccen mabushin birnin. Yaron na yi wa matar Oliver aike-aike, Oliver kuma na koya masa. A 1922, bayan Oliver ya koma Shikago, sai ya aiko masa ya taho ya shiga ƙungiyarsa. Daga nan duniya ta san shi. Ya zo Akra a 1956, ya sake zagaya Afirka a 1960, har da Nijeriya. A 1969, yana kwance ba lafiya, ya zauna ya rubuta dogon bayani a kan iyalan Karnofsky, kuma har ya rasu a 1971 yana rataye da alamar addininsu a wuya don tunawa da su.

Na san a ajin nan akwai wanda zai taɓe baki ya ce, "To, duk wannan dogon labari a kan mabushi?" Ba busar ce abin dubawa ba. A cire ƙaho a sa keken ɗinki ko sifana, labarin bai canza ba. Abin dubawa shi ne babu ɗaya cikin mutanen nan uku da ya haɗa jini da yaron, babu attajiri a cikinsu, kuma babu wanda ya gama aikin shi kaɗai. Alherin maƙwabta bai hana shi shiga hannun hukuma ba. Amma da ya shiga, ya shiga ne a matsayin yaron da ya taɓa sanin yadda ake yarda da mutum.

Abin da aka gano a tsibirin Kawai

Labarin mutum ɗaya ba hujja ba ne, ana iya cewa sa'a ce. Shi ya sa aikin Emmy Werner da Ruth Smith ke da muhimmanci. Waɗannan masana sun bi rayuwar jarirai 698 da aka haifa a 1955 a Kawai, ɗaya daga cikin tsibiran Hawai, tun suna zanen goyo har suka kai shekara 40. Cikinsu 201 sun taso cikin haɗari: talauci, wahalar haihuwa, gidan da ba a rabuwa da rigima, mutuwar aure, uba mashayi ko uwa mai taɓin hankali. Kashi biyu cikin uku na waɗannan sun samu matsala kamar yadda aka zata, wasu karatu ya gagare su, wasu suka shiga hannun hukuma, wasu suka yi ciki kafin shekara 18. Amma 72 sun tashi lafiya lau, masu riƙon amana da kula da iyali.

Da aka duba abin da ya bambanta su, abu ɗaya ya yi ta maimaita kansa: kowannensu ya samu aƙalla babban mutum ɗaya da ya riƙe shi tsakani da Allah. Sau da yawa ba uwa ba ce, ba uba ba. Kaka ce, ko yaya, ko gwaggo, ko maƙwabci, ko malamin makaranta, ko shugaban addini.

Akwai kashi na biyu na binciken wanda ya shafi wannan aji kai tsaye. Yawancin waɗanda suka lalace a ƙuruciya sun dawo hanya kafin su kai shekara 40. Daga cikin ƙofofin da suka bi akwai komawa karatun manya, koyon sana'a a aikin soja, auren mutum natsattse, da riƙo da addini. Wato kalmar "ya gagara" da muke yanke wa ɗan shekara 16 hukunci ne da aka yi gaggawarsa. Likitocin ƙwaƙwalwa ma sun tabbatar da cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna sakamako yana taka wa zuciya burki, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20 da 'yan kai.

Kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa

A 1904 wani akawun kotun yara a Niyok, Ernest Coulter, ya gaji da ganin yara iri ɗaya suna shiga suna fita gaban alƙali, sai ya nemi mutanen kirki kowa ya ɗauki yaro ɗaya ya zame masa yaya. Daga nan ƙungiyar Big Brothers Big Sisters ta samo asali. A 1995 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa tsarin da yara 959 masu shekara 10 zuwa 16. An raba su biyu, rabi aka haɗa su da manya, rabi suka zauna jira. Bayan wata 18, yiwuwar fara shan ƙwaya ta ragu da kashi 46 cikin 100 a wajen waɗanda suka samu mai kula, ta fara shan giya ta ragu da kashi 27, fashin makaranta kuma ya ragu da kusan rabi. Kuma manyan nan ba wani abin a-zo-a-gani suke yi ba. Haɗuwa ce kamar sau uku a wata, a yi hira, a ci abinci, a je kallon wasa.

Sai dai da Jean Grossman da Jean Rhodes suka sake tankaɗe waɗannan alƙaluma a 2002, sun gano abin da ya kamata kowane mai niyyar taimako ya ji tun kafin ya fara. Yaran da hulɗarsu ta kai shekara ko fiye su suka fi amfana. Waɗanda aka watsar da su kafin wata uku kuwa sun koma baya, darajar da suke ba kansu ta ragu. Dalilin a fili yake. Yaron da uba ya bari, makaranta ta kora, idan kai ma ka zo da zaƙin baki ka ɓace, ka tabbatar masa da abin da dama yake zargi game da kansa. A ganina wannan ne babban laifin da masu kirki ke yi ba su sani ba: zafin farawa, sannan sanyin jiki.

Wani tsohon gwaji ya fi wannan ɗaci. A ƙarshen shekarun 1930, a garuruwan Kambirij da Somabil na Amurka, an haɗa ɗaruruwan yara maza da masu ba da shawara na tsawon shekaru. Da Joan McCord ta bi sawunsu ta fitar da sakamako a 1978, sai ga shi waɗanda aka taimaka ɗin sun fi waɗanda aka bari shiga laifi da shaye-shaye da mutuwa da wuri, alhali da yawansu suna yabon masu kula da su. Cikin dalilan da aka fi zargi akwai tara yara masu matsala wuri ɗaya a sansanin hutu, inda suka koya wa juna abin da ba a so. Mu dama mun san zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mai son taimakon yaro ya shigar da shi cikin natsattsu, kada ya tara masa ire-irensa.

A ƙofar gidanmu

Ba mu buƙatar aron ƙungiya daga waje kafin mu fara, don tsarin na nan a al'adarmu. Akwai ubangida da yaronsa a gareji, a shagon walda, a rumfar kasuwa, har ranar da za a yaye shi a ba shi jari ko kayan aiki. Akwai riƙo, inda kawu ko gwaggo ke ɗaukar ɗa. Akwai uwar ɗaki da 'yar ɗakinta. Ana cewa ɗa na kowa ne, kuma haƙƙin maƙwabci a Musulunci ya yi nauyin da hadisi ya nuna saura kaɗan a sa shi cikin magada. Abin da ya canza shi ne garuruwa sun cika, haya ta sa ba a daɗewa a unguwa ɗaya, katanga ta yi tsawo, kuma wanda ya tsawata wa ɗan wani yana iya jin "Ina ruwanka da ɗana?" Gurbin da manya suka bari bai zauna fanko ba. Daba ta cike shi a Kano, sara-suka a Bauchi, kalare a Gombe. Shugaban daba yana ba yaro abinci, suna, kariya da aiki, wato duk abin da ubangida ke bayarwa, kuma ba ya gajiya da shi bayan wata uku.

Ga kuma ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara ɗaya a Nijeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A watan Mayu na 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC ya tona yadda ake sayar da shi. Hani ya rage wata kwalba, bai cike wa yaro yininsa ba.

To, yaya ake farawa? A ɗauki misalin tela mai shago a bakin layi, da yaron da ke wuni a dakalin da ke kallon shagon. Telan bai kira shi ya yi masa wa'azi ba, don wa'azi ya sha shi har ya ƙoshi. Cewa ya yi, "Kai, zo ka kama mini bakin yadin nan in yanka." Washegari ya sake kiransa. Rana ta uku ya miƙa masa kuɗi ya ce ya je kasuwa ya sayo zare da maɓallai. Maƙwabcin shago ya zaro ido: "Wannan za ka ba kuɗi?" Yaron ya dawo da kaya, amma canji bai cika ba. Nan ne wurin da yawancinmu ke faɗuwa. Telan bai ɗaga murya ba, bai ce "ɓarawo" a gaban jama'a ba, bai kuma yi kamar bai gani ba. Sai da aka yi sallar magariba, shago ya rage su biyu, ya ce, "Canjin ɗazu da saura. Gobe ka zo da wuri, akwai guga, sai mu cire a ciki." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba."

Zai zo gobe, ya zo jibi, sannan wata rana ya ɓace mako guda, a ce an gan shi da tsofaffin abokansa. Wannan ba alamar aikin ya rushe ba ne, cikin aikin yake. Telan da ya rufe shago da yamma ya bi sawu har inda yaron yake, ya ce masa kawai, "Dutsen guga na jiranka," ya yi abin da ya fi nasihar shekara. Yaro irin wannan yana gwada mutum ne, ko ya sani ko bai sani ba, yana son ya ga ranar da za a kore shi kamar yadda aka saba.

Kafin abu ya yi nisa, a je wa iyaye. Ba da ƙara ba, don uban da kullum ake kawo masa ƙarar ɗansa ya riga ya toshe kunne. A yi sallama a ce, "Malam, yaron nan naka yana da hannu, ina so ka ba ni shi ya riƙa taya ni a shago." Idan uwa ce kaɗai a gidan, mutum ya tura matarsa ko 'yar'uwarsa ta shiga. A sanar da mai unguwa ko limami. Kuma komai a yi shi a sarari, a shago, a zaure, a idon mutane, don akwai miyagun da ke fakewa da taimako su lalata yara, kuma mai gaskiya ba ya ƙin a gani.

Yarinya tata matsalar ba ta cika fitowa titi ba, shi ya sa ake makara. Tana iya shan kodin a ɗaki, ko ta faɗa hannun banza a wajen talla, unguwa ba ta farga ba sai abin kunya ya fito, sannan a taru a yi da ita. Maƙwabciyar da ta ja ta jiki, ta zaunar da ita wajen kitso ko saƙa ko suyar ƙosai, ta zama wadda za a iya gaya wa magana ba tare da an ji ta a gidan biki ba, ita ce uwar ɗaki ta gaske.

Akwai kuma inda ƙarfin maƙwabci ya ƙare. Yaron da jikinsa ke rawa idan bai sha ba, ko yake magana shi kaɗai, ko yake barazanar kashe kansa, likita yake buƙata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma hukumar NDLEA na da sashen ba da shawara. Abin da ba magani ba shi ne mari da sarƙa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, har suna biyan kuɗi, don sun rasa wanda zai kama musu. Aikin maƙwabci a irin wannan hali shi ne ya raka uban asibiti, ya kuma ajiye wa yaron gurbinsa a shago har ya dawo.

Aikin aji

1. Mutum nawa ne suka sa hannu a rayuwar Louis Armstrong, kuma me kowannensu ya ba shi wanda sauran ba su ba shi ba?

2. Me ya sa yaran da aka watsar kafin wata uku suka koma baya? Ku tattauna ku biyu-biyu.

3. Cikin yara 201 da suka taso cikin haɗari a Kawai, 72 sun tashi lafiya. Nawa suka rage? Kusan kashi nawa cikin uku ke nan?

4. Da kai ne telan, ko ke ce mai shagon, me za ka yi ko za ki yi ranar da canji ya sake ƙin cika karo na biyu?

5. Rubuta jimla biyar a kan wani babba da ba mahaifinka ba wanda ya taɓa riƙe ka. Kada ka ambaci sunansa, ka faɗi abin da ya yi.